Tafiya Kudancin Jamus don Ganin Katakon da Ke Motsi da Danshin Iska

Aikina koyar da sana'ar katako da zanen gini, kuma darasin farko da muke ba kowane ɗalibi shi ne cewa katako ba ya daina motsi don an sare bishiyarsa. Idan iska ta yi laima sai ya sha ya kumbura, idan ta bushe sai ya amayar ya tsuke, kuma duk wanda ya taɓa kokawa da ƙofar katako da damina, ya ga ta koma tana rufuwa salin-alin da hunturu, ya san wannan hali ba tare da an koya masa ba. Rabin ilimin kafinta ya tafi ne a kan yadda za a hana wannan motsi ɓata aiki. Saboda haka da na ji cewa a kudancin Jamus akwai masu bincike da suka mayar da wannan motsi ya zama shi ne injin da ke buɗe tagogi da rufe su, har ma ya lanƙwasa bangon hasumiya, sai na ƙudurta zuwa in gani da idona. Tambayar da na tafi da ita guda ce: shin abu ne da mai gini zai iya dogara da shi shekara da shekaru, ko kuwa kayan baje koli ne kawai?

Na yi tafiyar a watan Yunin 2025. Bizar Schengen ta ci Yuro 90, kuma sai da na nuna inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin Yuro 30,000 kafin a karɓi takarduna. Jirginmu ya tashi cikin dare, muka sauka Frankfurt da sassafe. Jami'in da ke duba fasfo ya tambaye ni abin da ya kawo ni, da na ce masa na zo ganin wata hasumiyar katako a wani ƙauye, sai ya nemi takardar masauki da tikitin komawa, ya duba su a tsanake, sannan ya buga hatimi. Daga filin jirgin na hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Stuttgart, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Sauran zirga-zirgata kuwa na yi ta ne da tikitin da suke kira Deutschlandticket, wanda a shekarar yake Yuro 58 a wata, yana aiki a bas da taragon cikin gari da jiragen ƙasa na yanki a duk faɗin ƙasar, ban da masu gudun nan na dogon zango. Baƙo ya lura cewa rajista ce mai sabunta kanta, kuma sai an soke ta kafin 10 ga wata ne ba za a caji kuɗin wata mai zuwa ba.

Babbar tashar Stuttgart ta kasance cikin aikin gini tun 2010, don haka sai da na ja akwatina ta wata doguwar hanya mai shinge kafin in fita titi. Na sauka a wani ƙaramin masauki na wata dattijuwa, wadda ta yi mini bayanin yadda ake raba shara, ta kuma gargaɗe ni in sayi abin da nake bukata ranar Asabar domin shaguna ba sa buɗewa ranar Lahadi. Abincin garin da aka fi yaba mini shi ne Maultaschen, wato ƙullin fulawa da aka cusa wa nama, amma da yake yawanci akwai naman alade a ciki, sai na riƙe Käsespätzle, taliyar ƙwai da cuku da soyayyar albasa, wadda ke riƙe ciki yini guda.

Cibiyar da ta yi fice a wannan bincike ita ce ICD, cibiyar zanen gini da kwamfuta ta Jami'ar Stuttgart, wadda Farfesa Achim Menges ya kafa a 2008. Wani ɗalibin zanen gini da aka haɗa ni da shi tun kafin in taso ne ya yi mini jagora a garin, kuma a kan teburin wani gidan shan shayi ya nuna mini abin da ya fi duk wani hoto da na taɓa gani bayani. Ya fito da wani ɗan falle mai kusurwa uku, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Fuska ɗaya siririn katako ne da aka yanko da zarensa a kwance, ɗaya fuskar kuma wani falle ne da ba ya shan ruwa, an manne su da gam. A miƙe yake sambal lokacin da ya ajiye shi. Sai ya ɗaga shi bisa kofin shayi mai tururi, kuma ban gama kurɓa biyu ba bakin fallen ya fara ɗagowa, ya ci gaba da tanƙwarewa a hankali har ya zama kamar rabin zobe. Ya mayar da shi bakin taga inda rana ke bugawa, muka ci gaba da hira, kafin mu tashi ya sake miƙewa. Babu waya a jikinsa, babu batir, babu wani abu da ke juyawa.

Sirrin yana cikin rashin daidaiton kumburin katako. A tsawon zarensa kusan ba ya canzawa, domin daga ɗanye zuwa busasshe abin da yake raguwa bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. A faɗi kuwa, ta gefen da ya bi zagayen zoben shekarun bishiya, yana iya tsukewa da kashi 6 zuwa 10 cikin 100, ta gefen da ya nufi tsakiyar kututture kuma kusan rabin haka. Duk wannan motsi yana faruwa ne idan ruwan da ke cikin katakon ya yi ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100, lokacin da ruwan ke shiga da fita daga bangon ƙwayoyin katakon kansu. Idan aka manne falle mai kumbura da wanda ba ya kumbura, na farkon yana son ya faɗaɗa, na biyun ya hana shi, sai su biyun su lanƙwashe tare. Lissafin da ake hasashen lanƙwasar da shi ma ba sabo ba ne, domin an ɗauko shi daga aikin da Stephen Timoshenko ya wallafa a 1925 a kan fallen ƙarfe biyu da zafi ke tanƙwarawa, aka sa danshi a gurbin zafi. Abin da ya fi burge ni shi ne mai aikin yana da zaɓi tun a ranar mannewa: idan ya manne katakon yana da laima, zai miƙe a iska mai laima ya naɗe idan ta bushe, idan kuma ya manne shi a bushe, sai al'amarin ya juya. Da katako iri ɗaya ana iya yin tagar da ke rufewa idan hadari ya haɗo, da wadda ke buɗewa idan ɗaki ya cika da tururi.

Da wannan dabara Menges da Steffen Reichert suka yi wani abin baje koli mai suna HygroScope a 2012, wanda cibiyar fasaha ta Pompidou da ke Paris ta saka cikin kayanta na dindindin, yana da fallaye sama da 4,000 da ke buɗewa da rufewa cikin akwatin gilashi. A 2013 kuma aka yi rumfar HygroSkin domin cibiyar fasaha ta FRAC da ke birnin Orléans na Faransa, wadda kafofin jikinta ke amsa danshin iska daga kashi 30 zuwa 90 cikin 100, wato daga ranar da gari ya yi tas zuwa ranar ruwan sama. Ban tsallaka Faransa ba, domin a shekarar ne aka shiga rufe ginin Pompidou saboda gyara na shekaru.

Hasumiyar Urbach ita ce zango na biyu. Jirgin yanki ya bi da mu gabas ta kwarin kogin Rems, gonakin inabi sun hau gangaren tuddai, muka wuce Schorndorf, na sauka a ƙaramar tashar Urbach. Daga nan a ƙafa na tafi ta cikin gonaki, rana tana dukana, kuma na yi nadamar rashin ɗaukar ruwa mai yawa domin babu shago a hanyar. Tun daga nesa ake hango ta a kan tudu, siririya a tsakiya, buɗaɗɗiya a ƙasa da sama. An gina ta a 2019 domin bikin lambuna na kwarin Rems, inda garuruwa 16 suka samu gini ɗaya-ɗaya. Tsawonta mita 14, an haɗa ta da manyan allunan katako lanƙwasassu guda 12, kuma kaurin bangon da ke ɗauke da nauyin santimita 9 ne kacal. Na shiga ciki ta ƙofarta, na ɗora hannu a bangon, na bi lanƙwasar da tafin hannu har inda tsawona ya kai, ban ji tudu ko kwari ba. Wanda ya taɓa ƙoƙarin tanƙwara katako mai kauri da tururi da matsi zai san abin da wannan santsi yake nufi.

A nan katakon ya yi motsinsa sau ɗaya ne, a masana'anta, sannan aka kulle shi. An ɗauki katakon bishiyar da Jamusawa ke kira Fichte yana da ruwa kashi 22 cikin 100, aka manne shi a miƙe da wani falle siriri wanda zarensa ya gitta na farkon, aka shigar da su ɗakin busar da katako irin na kowace masana'anta. Da ruwan ya sauka zuwa kashi 12, kowane allo ya lanƙwashe da kansa daidai gwargwadon da kwamfuta ta lissafa. Daga nan aka jera lanƙwasassun allunan bisa juna aka manne, yadda ba za su ƙara canza siffa ba, aka lulluɓe waje da katakon Lärche mai jure ruwa. An yi aikin tare da cibiyar binciken kayan aiki ta Empa da jami'ar ETH ta Zurich, kamfanin Blumer-Lehmann na Suwizalan ne ya sarrafa allunan, kuma a yini guda aka tayar da su a kan tudun. Hanyar da aka saba bi wajen samun lanƙwasasshen katako tana bukatar manyan injinan matsi da kwarangwal na musamman ga kowace siffa, ga kuma fallaye sirara da ake asarar katako mai yawa wajen yanka su. Urbach ta rage duk wannan da busarwar da dama can dole ne a yi ta.

Ina zaune a inuwarta wani dattijo ya iso da karensa, muka gaisa, kuma da ya ji sana'ata sai ya zauna, domin shi ma kafinta ne da ya yi ritaya. Da ɗan Turancinsa da ɗan Jamusancina da nuni da hannu muka fahimci juna. Ya ce ya shafe rayuwarsa yana juya allo fuska da baya don kada tebur ya kantare, yana barin 'yar kafa a ƙofa don katako ya samu wurin numfashi, sai ga shi da tsufansa yara sun zo sun sa kantarewar ta yi musu aiki. Ya yaba aikin ƙwarai, amma ya ɗaga yatsa ya ce idonsa yana kan gam ɗin, domin katako ya san shi, gam kuwa sai lokaci ya nuna. Na riƙe wannan magana, saboda duk wannan fasaha a kan layin mannewa ta tsaya, kuma a fallen da ke motsi kullum wannan layi ne ke shan ja da saki safe da yamma.

Tafiya zuwa Freiburg ta bi ta Karlsruhe da Offenburg, jirgi ɗaya ya makara har na rasa na gaba, na yi zaman jira a tasha, sannan muka gangara kudu, tsaunukan Baƙin Daji suna hagunmu. Masu duba tikiti sun nemi fasfo tare da tikitin wayata, domin sunan mutum ne a jikinsa. Masauki a Freiburg ya fi tsada, don haka na kwana a ɗakin haɗaka na matafiya, na riƙa cin shawarmar Turkawa da burodin Brezel, ina mayar da robar ruwa shago ina karɓar santi 25 na ajiya a kan kowace ɗaya.

A lambun tsirrai na jami'ar garin, wanda Farfesa Thomas Speck ya daɗe yana jagoranta, aka yi bincike mai yawa a kan asalin wannan dabara, wato ƙwallon iri na bishiyar fayin. Ƙwallo ne mai kunnuwa jere bisa jere, yana buɗe su idan iska ta bushe domin irin ya tashi ya yi nisa, ya rufe su idan an yi laima. Kowane kunne falle biyu ne, na waje yana kumbura sosai, na ciki kaɗan, kuma duk wannan yana faruwa ne bayan ƙwayoyin halittar kunnuwan sun mutu. Na tsinci ɗaya a ƙarƙashin bishiya a buɗe warwar, na jefa shi cikin kofin ruwa a masauki, na fita cin abinci, da na dawo na tarar ya rufe ruf har ba a iya cusa farce tsakanin kunnuwan. A 2017 Simon Poppinga da abokan aikinsa na Freiburg suka wallafa cewa sun jiƙa wasu ƙwallaye da aka tono daga ƙasa, ɗaya ya kai kimanin shekara 120,000, wani kuma miliyoyin shekaru, kuma duk sun motsa. Wannan ya amsa rabin tambayata: halin motsin kansa ba ya gajiya da sauri. Abin da ke gajiya shi ne abin da mutum ya ƙara, da abin da rana da ruwa ke yi wa katakon da aka bari a fili.

Ginin da ya kawo ni Freiburg yana harabar sashen injiniya, kusa da ƙaramin filin jirgin sama da filin ƙwallon garin. Sunansa livMatS Biomimetic Shell, an kammala shi a 2023, rufinsa ƙoƙo ne na akwatunan katako 127 da aka kwaikwayo daga ƙashin wata halittar teku mai ƙaya. A babbar tagarsa ta sama da ke fuskantar kudu aka saka abin da suka kira Solar Gate, ganyaye 424 masu kare rana. Waɗannan ba a yanko su daga allo ba, an buga su ne da na'urar buga abubuwa ta 3D daga wani haɗi mai zaren tsirrai irin wanda ke cikin katako, ana shimfiɗa zaren ta fuskar da ake so domin a tsara inda kowane ganye zai naɗe. Idan danshi ya yi yawa sai su naɗe haske ya shiga, idan iska ta bushe sai su miƙe su yi inuwa. Dalilin da ya sa wannan ya dace da bukata shi ne duk lokacin da iska ta ɗau zafi ma'aunin danshinta yana sauka, don haka ganyen da ke jin danshi yana jin rana ke nan a fakaice. Da sanyin hunturunsu tagar tana buɗewa rana ta ɗumama ɗakin, da zafin bazararsu kuma ta rufe. Na je da safe bayan an kwana ana yayyafi, na ga ganyayen a nannaɗe, na koma da la'asar bayan gari ya washe na tarar mafi yawansu sun baje. Ido ba ya kama motsin yana faruwa, sai dai mutum ya ɗauki hoto ya dawo ya gwada. Na kuma lura cewa a bayan gilashi suke, ruwan sama da guguwa ba sa taɓa su, kuma a ganina wannan shawara ce ta masu hankali.

Tsakanin ziyarar biyu na je gefen unguwar Vauban na ga gidan Heliotrop da Rolf Disch ya gina a 1994, wanda inji ke juya shi gaba ɗaya yana bin rana. Gida ne mai tarihi, amma ganinsa ya tuna mini da nauyin da ke bin duk fuskar ginin da inji ke motsawa. Cibiyar Larabawa ta Paris, wadda aka buɗe a 1987, tana da tagogi 240 masu idanun ƙarfe da ke buɗewa da rufewa, kuma da yawansu sun tsaya cak shekaru kafin a gyara su. Tagwayen benaye na Al Bahar a Abu Dhabi, na 2012, suna da laimomi sama da dubu a kowane bene, duk inji da kwamfuta ke sarrafa su. Kowane inji yana son wuta da mai da ma'aikacin da ya san shi, kuma ranar da kuɗin kulawa ya yanke, ginin yana komawa akwatin gilashi mai zafi. Wannan shi ya sa na ɗauki ganyen katako da muhimmanci: ba ya jiran kasafin kuɗi kafin ya yi aikinsa.

Sai dai iyakokinsa a fili suke, kuma ba na son ɗalibaina su ji rabin labari. Saurin motsi ya dogara da kauri, domin idan aka ninka kauri sau biyu lokacin da danshi zai ratsa shi yana ninkawa kusan sau huɗu. Siririn falle yana amsawa cikin mintoci amma ba zai tsaya wa iska mai ƙarfi ba, mai kauri kuma yana da ƙarfi amma gajimare zai zo ya wuce bai ankara ba. Mai ɗaki ba ya iya ba shi umarni, idan yana son duhu a ranar laima sai ya nemi labule. Katakon da ruwansa ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100 funfuna da ruɓa suna kama shi, fentin da zai kare shi kuma shi ne zai toshe masa numfashi ya hana shi motsi. Sannan tsarin da aka yi wa Freiburg na Freiburg ne. A ƙasar da zafi da laima ke zuwa tare, ganyen da ke naɗewa da danshi zai buɗe wa rana hanya a lokacin da aka fi bukatar inuwa, don haka dole mai zane ya zauna da ma'aunin danshin wurin na shekara guda, safe da yamma, kafin ya yanke shawarar ranar da zai manne fallensa da yawan ruwan da zai bari a ciki.

Hukuncin da na dawo da shi kashi biyu ne. Lanƙwasa manyan alluna ta hanyar busarwa ta riga ta zama sana'a, shaida kuwa ita ce hasumiyar Wangen da aka gina a 2024 a yankin Allgäu, mai tsawon kimanin mita 23, wadda mutane ke hawa har samanta, kodayake lokaci bai bar ni na kai can ba. Ganyaye masu motsi kullum kuwa na yarda da su a wuri mai kariya, tsakanin gilashi biyu ko ƙarƙashin inuwar rufi, a matsayin masu kare rana da masu buɗe kafar iska, kuma a yi su yadda za a iya cire wanda ya lalace a sa sabo ba tare da an kira injiniya ba. Daga Freiburg na koma Frankfurt a jiragen yanki, tafiyar da ta cinye mini rabin yini saboda canje-canje. Tun da na dawo na sa ɗalibaina suka yanka fallaye daga katako iri-iri, muka manne su da gam kala uku a ranaku masu danshi daban-daban, muka jera su a ƙarƙashin rumfa kusa da ma'aunin danshi, kuma kowace safiya da la'asar ɗaya daga cikinsu yana auna lanƙwasar kowane falle ya rubuta, yana kuma duba layin gam ko ya fara ɓarewa.